Gidan Rumfa da Waɗanda Suka Zauna Cikinsa

Ƙarnuka kafin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, fadar Kano a kusa da dutsen Dala take. Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ne ya janye ta kudu, ya gina gidan da ake kira da sunansa. Rumfawa suka zauna, Kutumbawa suka gaje su, har jihadi ya fitar da Alwali. Sarki Sulaimanu sai da ya nemi izinin Shehu Usmanu kan gidan. Turawa sun ci Kano a 1903, suka bar shi ga Abbas. Ko a rikicin sarauta na 2024, zama cikinsa ya zama hujja. Gidan na sarauta ne, ba a gadonsa kamar gona.