Tau Ceti: tarihin neman wata duniya kusa da tamu

Daga cikin taurarin da ke kama da rana kuma suke zaune su kaɗai, babu wanda ya fi Tau Ceti kusa da mu. Haskensa yakan yi kusan shekara 12 kafin ya iso doron ƙasa. Da damina ta wuce, ana iya ganinsa da ido a kudancin sararin samaniya bayan sallar lisha. Bajamushe Johann Bayer ne ya ba shi wannan suna a taswirarsa ta 1603.

A watan Afrilu na 1960, Frank Drake ya juya wani faifan rediyo mai faɗin mita 26 wajen wannan tauraro, a Green Bank da ke Amurka, ko zai ji saƙon wasu halittu masu hankali. Bai ji komai ba. A lokacin ma babu wanda ya san ko akwai wata duniya da ke kewaya tauraron.

Sai a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, daga cibiyar Haute-Provence ta Faransa, suka gano duniya ta farko da ke kewaya wani tauraro irin rana, 51 Pegasi. Ba su gan ta da ido ba. Duniya takan ja tauraronta kaɗan yayin da take kewaya shi, sai ya yi ɗan rangaji, launin haskensa ya sauya. Wannan rangajin suka auna, aka ba su kyautar Nobel a 2019.

Da wannan dabara aka koma kan Tau Ceti. A 2012 Mikko Tuomi da abokan aikinsa suka ce suna zaton duniyoyi 5. A 2017 Fabo Feng da nasa suka ce 4, kuma 2 ne kawai daga cikin na farko suka tsira. Dalilin saɓanin shi ne ƙanƙantar abin da ake aunawa: rangajin yana iya yin ƙasa har zuwa kamar santimita 30 a daƙiƙa, saurin da bai kai tafiyar tsoho da sanda ba. Tafasar fuskar tauraron kanta tana iya haifar da irinsa.

Har yanzu masana ba su haɗu a kan tabbacin waɗannan duniyoyi ba. Malamin da zai kai labarin aji ya kamata ya kai shi da wannan shakka, domin ɗalibi ya koyi raba zato da tabbas.