Daga Shifta Zuwa Maki: Tarihin Jarrabawar Turanci ga Masu Neman Ƙaura

Maimaita jarrabawar Turanci sau biyu ko uku ya zama al'ada a tsakanin ƙwararrun ma'aikatan da ke neman izinin zama na dindindin a Kanada da Ostiraliya, har ta kai likita ko injiniyan da ya yi dukkan karatunsa da Turanci yakan ware kuɗi da watanni domin neman ƙarin rabin mataki a fannin rubutu kaɗai. Wannan al'ada sabuwa ce, domin dokokin da suka haife ta ba su wuce shekara ashirin ba, amma tushenta, wato amfani da harshe wajen tantance wanda zai shiga ƙasa, ya haura shekara ɗari da ashirin, kuma mafarinsa ba abin alfahari ba ne.

A shekarar 1897 ne yankin Natal da ke kudancin Afirka, wanda yake ƙarƙashin mulkin Birtaniya a lokacin, ya kafa dokar da ta wajabta wa baƙo ya rubuta takardar neman shiga da ɗaya daga cikin harsunan Turai, da nufin toshe wa Indiyawa hanya ba tare da an ambaci launin fata ba. Sakataren harkokin mulkin mallaka, Joseph Chamberlain, ya ba sauran yankunan daular shawarar su bi wannan salo, saboda gwamnatin Landan ba ta son dokar da za ta fito fili ta ci mutuncin talakawanta na Indiya ko ta fusata Japan. Ostiraliya ta karɓi shawarar a dokarta ta taƙaita shigowar baƙi ta 1901, wadda ta ba jami'in kwastan ikon yi wa duk wanda ya ga dama shifta, wato ya karanta masa kalmomi 50 shi kuma ya rubuta, da kowane harshen Turai da jami'in ya zaɓa. Da yake zaɓin harshen yana hannun jami'i, an shirya jarrabawar ne domin a faɗi: daga 1902 zuwa 1909 an yi ta sau 1,359 amma mutum 52 kaɗai suka ci, kuma bayan 1909 babu wanda ya sake ci. Shari'ar da ta fi tona asirin dabarar ita ce ta Egon Kisch, ɗan jaridar nan na Cekoslobakiya mai ra'ayin gurguzu da ya iso a 1934, wanda da aka ga ya iya harsunan Turai da dama sai aka yi masa shifta da Gelik, harshen mutanen tsaunukan Sikotilan. Babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin da aka yanke masa, amma dokar ta ci gaba da aiki har zuwa 1958.

Kanada ce ta fara bin wata hanya dabam. Bayan ta cire sharuɗɗan wariyar launin fata daga ƙa'idojinta a 1962, sai ta ɓullo da tsarin maki a 1967, wanda a cikinsa ake auna mai nema da abubuwa kamar ilimi da shekaru da sana'a da buƙatar da ake yi wa wannan sana'a, sannan a ba shi izini idan ya sami 50 daga cikin 100. Harshe yana cikin ma'aunan, sai dai rabonsa bai wuce maki 10 ba na Turanci da Faransanci a haɗe, kuma jami'in biza ne ke ƙiyasta shi yayin ganawa. Ostiraliya, wadda ta yi watsi da manufar fifita fararen fata baki ɗaya a 1973, ta fara nata tsarin makin a 1979. Nyu Zilan ta biyo baya a 1991, Birtaniya kuma a 2008.

Ita kuwa jarrabawar da ta zama ma'aunin wannan tsari, asalinta na ɗalibai ne. Amurka ta fara TOEFL a 1964 domin masu neman shiga jami'o'inta, Birtaniya kuma ta fito da ELTS a 1980, wadda aka yi wa garambawul ta koma IELTS a 1989 a ƙarƙashin haɗin gwiwar cibiyar British Council da hukumar jarrabawa ta Jami'ar Kambirij da ƙungiyar IDP ta Ostiraliya. Tana auna fannoni huɗu, wato sauraro da karatu da rubutu da magana, kuma kowane fanni ana ba shi mataki har zuwa 9, tare da rabi-rabi a tsakani. Waɗanda suka tsara ta ba su sanya mata iyakar ci ko faɗuwa ba, sun bar wa kowace hukuma ta yanke matakin da take buƙata, kuma daga wannan 'yanci ne ma'aikatun shige da fice suka mayar da matakan zuwa maki.

Sauye-sauye uku ne suka mayar da maimaita jarrabawar abin yau da kullum. A 2006 masu IELTS suka soke ƙa'idar da ta hana mutum sake zama sai bayan kwana 90, ta yadda mai hali zai iya yin rajista da zarar ya ga sakamakon bai gamsar da shi ba. A 2010 Kanada ta wajabta wa kowane ƙwararren ma'aikaci mai nema ya gabatar da sakamakon jarrabawa daga wata cibiya mai zaman kanta, ko da kuwa haifaffen Ingila ne, abin da ya kawo ƙarshen ƙiyasin jami'i da kuma rubutattun hujjojin da ake karɓa a da. Sauyi na uku shi ne mafi tasiri, domin shi ya canza ma'anar makin kansa: da tsarin SkillSelect na Ostiraliya a 2012 da Express Entry na Kanada a 2015, cika mafi ƙarancin sharaɗi ya daina wadatarwa, aka koma jera masu nema daga na sama zuwa na ƙasa ana gayyatar waɗanda suka fi maki. Daga nan abokin karawar mai nema ya zama duk wani ƙwararre daga Indiya ko Filifin ko Najeriya da ke cikin jerin, kuma kowane rabin mataki ya sami farashi.

Alƙaluman da kansu sun isa bayani. A Ostiraliya mataki na 6 a kowane fanni yana ba mutum damar nema amma ba ya kawo maki ko ɗaya, na 7 yana kawo 10, na 8 kuma 20, alhali mafi ƙarancin abin da ake buƙata tun 2018 shi ne jimillar maki 65, kuma a sana'o'in da ake rububinsu wanda ya tsaya a 65 yana iya daɗewa bai ga gayyata ba. A Kanada, inda jimillar makin ta kai 1,200, ana mayar da sakamakon zuwa ma'aunin ƙasar da ake kira CLB, kuma matakinsa na 9, wanda yake daidai da 8 a sauraro da 7 a sauran fannoni ukun, shi ne mashigin da kowa ke hari, saboda yana ɗaga makin kowane fanni daga 17 na matakin CLB na 7 zuwa 31 ga mai nema shi kaɗai, sannan ya buɗe wasu ƙarin maki da ake bayarwa idan ƙwarewar harshe ta haɗu da digiri ko gogewar aiki. Mai nema ba zai iya rage shekarunsa ba, kuma ƙarin digiri yana cin shekaru da dukiya, saboda haka harshe ne kusan abu ɗaya da zai iya ɗagawa cikin 'yan makonni. Lokaci ma yana matsa masa ta fuska biyu, domin Kanada ba ta karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu, makin shekaru kuma yana fara raguwa daga 30 a Kanada da 33 a Ostiraliya.

Shekaru da yawa abin da ya fi ci wa masu nema tuwo a ƙwarya shi ne cewa sharaɗin yana kan kowane fanni a zama guda, ta yadda wanda ya gaza da rabin mataki a rubutu sai ya sake biyan kuɗin jarrabawar gaba ɗaya, wataƙila kuma a karo na biyu ya gyara rubutun ya zame a sauraro. Sai a 'yan shekarun nan, musamman daga 2023, masu IELTS suka yaɗa damar sake fanni ɗaya tak cikin kwana 60 ga wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta, duk da cewa ba kowace hukuma ce ke amincewa da irin wannan sakamako ba.

'Yan Najeriya da Gana suna da nasu ƙorafin na musamman, kasancewar Turanci ne harshen hukuma da na makaranta a ƙasashensu amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin ƙasashen da Birtaniya ta ɗauke wa 'ya'yansu wannan jarrabawa, lamarin da ya jawo gangamin neman gyara a Najeriya a 2022. Adalci shi ne a yarda cewa tsarin yau ya fi shiftar 1901 nesa ba kusa ba, tun da ƙa'idojinsa a bayyane suke kuma ana iya cin sa. Amma duk da haka, ma'aunin da ake iya maimaitawa ba iyaka yana fifita wanda ke da kuɗin maimaitawa da kuɗin darasi da kuɗin mota zuwa birnin da cibiyar jarrabawa take, a kan wanda ƙwarewarsa ɗaya da shi amma albashinsa na naira bai isa ya zauna sau uku ba. Ya kamata hukumomin shige da fice su karɓi sakamakon fanni ɗaya da aka sake, su kuma tsawaita wa'adin shekara biyun ga wanda ya kai manyan matakai, domin mai aiki da Turanci kullum ba ya manta shi cikin wata ashirin da huɗu.