Alamomin CD a jikin ƙwayoyin jini: ma'anarsu da amfaninsu a asibiti

Wanda ya taɓa raka mai cutar ƙanjamau, wato sida, zuwa asibiti ya ji ana maganar CD4. Wasu sun ɗauka sunan magani ne, wasu kuma suna zaton wata cuta ce dabam. CD4 dai suna ne na wata alama da ke jikin wasu fararen ƙwayoyin jini, kuma ɗaya ce daga cikin irinta sama da 370 da masana suka ba lamba.

Fararen ƙwayoyin jini su ne rundunar da ke kare jiki daga cuta. Idan aka duba su a madubin likita, da yawansu kama ɗaya gare su, alhali aikinsu ya bambanta. Abin da ke rarrabe su shi ne wasu furotin da ke manne a fatar kowace ƙwaya, kamar yadda a da ake gane Bagobiri da zanen fuskarsa tun bai buɗe baki ba. Waɗannan furotin su ake ba lambar CD. Duk farar ƙwayar jini tana ɗauke da CD45. Ƙwayoyin da ake kira T suna da CD3. A cikinsu masu CD4 su ne ke ba da umarni, masu CD8 kuma su ne ke kashe ƙwayar da cuta ta shiga. Ƙwayoyin B suna da CD19 da CD20.

Ana gane alamomin ne da antibodi, wani furotin da jiki yake ƙerawa wanda ke kama abu guda tak, kamar makulli da kwaɗonsa. A shekarar 1975, a Kambirij ta ƙasar Ingila, César Milstein da Georges Köhler suka gano hanyar ƙera antibodi iri ɗaya mai yawa a ɗakin bincike, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1984. Nan da nan kowane ɗakin bincike ya shiga ƙera nasa yana raɗa masa suna, har abu ɗaya ya zama yana da sunaye barkatai. Domin a kawar da wannan ruɗani aka yi taro a birnin Paris a 1982, aka ce duk antibodin da suka kama furotin ɗaya a haɗa su rukuni guda a ba su lamba. Daga nan tsarin CD ya samo asali.

Wajen gwaji, ana shafa wa antibodin rini mai ƙyalli, a gauraya shi da jinin da aka ɗiba, sannan na'ura ta wuce da ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken leza tana ƙirga masu ƙyalli. Haka ake samun lambar CD4. A jinin babba mai lafiya akan sami tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowane mikrolita. Ƙwayar cutar HIV da wannan alama ta CD4 take fara riƙo kafin ta kutsa cikin ƙwayar jini, don haka masu ba da umarnin ne take karkashewa. Idan lambar ta sauka ƙasa da 200, cutar ta yi nisa, kuma a lokacin ne tarin fuka da wani sanƙarau da naman gwari ke haddasawa suke samun ƙofa. Shi ya sa likita kan nemi a yi wa mai irin wannan lamba gwajin waɗannan cututtuka ko da bai yi ƙorafi ba.

Akwai kurakurai biyu da suka yawaita a nan. Na farko, gwajin CD4 ba shi ne ke nuna mutum yana da HIV ko ba shi da ita ba. Wanda ake yi kafin ɗaurin aure wani gwaji ne dabam, kuma mai ɗauke da cutar yana iya shekaru da lamba mai kyau. Na biyu, ba a jiran lambar ta faɗi kafin a fara shan magani. A da haka ake yi, amma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara wa duk wanda aka samu da cutar, komai yawan CD4 ɗinsa. Lambar ma kan ɗan hau ta sauka saboda zazzaɓi ko lokacin da aka ɗibi jinin, don haka sakamako ɗaya bai isa ya tayar da hankali ba. Wanda ya ga lambarsa ta hau ya ajiye magani, ya yi wa kansa babbar ɓarna.

Antibodin da ke iya nuna ƙwaya yana iya jawo a kashe ta, kuma nan magani ya shigo. Sananne a ciki shi ne rituximab, wanda aka amince da shi a Amurka a 1997. Yana manne wa CD20, sai garkuwar jiki ta share ƙwayoyin B, masu sankara da lafiyayyu duka. Uwayen ƙwayoyin da ke cikin ɓargo ba su da CD20, saboda haka bayan wasu watanni sababbi sukan fito. Ana amfani da shi a kan sankarar ƙwayoyin B, har da wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Kumburin yana girma cikin makonni kaɗan, kuma yana jin magani idan an kai yaro da wuri. Matsalar rituximab ita ce tsada, sannan yana iya tayar da ciwon hanta nau'in B da ya kwanta a jiki. Tunda wannan ciwo ya yawaita a ƙasashenmu, wajibi ne a gwada hanta kafin a fara ƙarin ruwan.

Lambobin ba su tsaya ga fararen ƙwayoyi ba. CD234, wadda ake kira Duffy, tana jikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma ta nan wani nau'in zazzaɓin cizon sauro mai suna bibaks yake shiga. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita a jajayen ƙwayoyinsu, shi ya sa wannan nau'in bai cika kama su ba. Falsifarum, wanda ya fi kisa a wajenmu, ta wasu ƙofofin yake bi.