Makarantar Gida a Iyalan Kirista na Amurka: Tsarin Yini, Tarbiyyar Addini da Ɗawainiyar Uwa

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rayuwar yau da kullum ta iyalan Kirista a Amurka waɗanda ke koyar da ƙananan 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta. An dogara ga alƙaluman hukuma da ayyukan masana da suka zauna da irin waɗannan iyalai. Nazarin ya nuna cewa addini yana shiga jikin yaran ta yadda aka tsara musu yini fiye da ta littattafan darasi, kuma nauyin wannan tsari kusan kacokan a wuyan uwa yake. Saboda haka ingancin karatun yakan bi ƙarfin uwar da irin tallafin da take samu.

Muhimman kalmomi: makarantar gida, Kiristanci, tarbiyya, ƙananan yara, Amurka

1.0 Gabatarwa

Cibiyar Ƙididdigar Ilimi ta Amurka ta ƙiyasta cewa yara kimanin 850,000 ne ke karatu a gida a 1999. Adadin ya kai miliyan 1.5 a 2007, sannan kusan miliyan 1.8 a 2012. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, Hukumar Ƙidaya ta ƙasar ta ga gidajen da ke wannan tsari sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa kashi 11.1 cikin 'yan watanni. Ba duka iyalan ba ne addini ya kawo su, amma a binciken 2007 kashi 83 na iyayen sun ambaci tarbiyyar addini ko ta ɗabi'a cikin dalilansu, kuma kashi 36 sun ce ita ce babban dalili.

Yawancin muhawarar da ake yi kan makarantar gida ta tsaya ne ga doka da sakamakon jarrabawa. Tambayar wannan maƙala ita ce: yaya yini yake tafiya a gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara goma, kuma ta wace ƙofa addini yake shiga?

2.0 Asalin Lamarin

Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1962 da na 1963, waɗanda suka hana makarantun gwamnati jagorantar addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, sun sa Furotesta masu ra'ayin riƙau da dama sun yanke ƙauna daga makarantun. A 1972 kotun ta yarje wa mabiya ɗariƙar Amish cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji na takwas saboda addini, hukuncin da masu fafutuka suka yi ta kafa hujja da shi daga baya.

Sai dai ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yayata makarantar gida ba mai wa'azi ba ne. John Holt malamin makaranta ne da ya gamsu cewa aji yana kashe wa yaro sha'awar koyo, ya kuma kafa mujalla don iyaye a 1977. Raymond da Dorothy Moore, 'yan ɗariƙar Adbentis, su ne suka isar da batun ga Kiristoci: a littafinsu na 1975 sun yi kira da a jinkirta karatun aji har yaro ya kai shekara takwas zuwa goma, kuma shirin rediyo na James Dobson ya baza muryarsu a majami'u. A 1983 lauyoyi biyu, Michael Farris da Michael Smith, suka kafa ƙungiyar HSLDA don kare iyayen a kotu. Zuwa 1993 tsarin ya halatta a duk jihohi 50, ko da yake sharuɗɗa sun bambanta. A Teksas ba a buƙatar iyaye su sanar da hukuma, a New York kuwa sai sun miƙa tsarin karatu, da rahoto sau huɗu a shekara, da awon ƙarshen shekara.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Maƙalar bita ce ta ayyukan da suka gabata. An fi jingina ga guda uku: na Mitchell Stevens (2001) kan ƙungiyoyin iyaye, na Robert Kunzman (2009) wanda ya shafe shekara biyu yana ziyartar iyalan Kirista shida, da na Jennifer Lois (2013) kan halin da iyaye mata ke ciki. An kuma duba tsarin manhajojin da iyalan suka fi amfani da su.

4.0 Tsarin Yini

Ayoyin da iyayen suka fi kafa hujja da su suna cikin Maimaitawar Shari'a 6:6-7, inda aka umarci iyaye su riƙa koya wa 'ya'yansu dokokin Allah a kowane hali na yini, a gida da kan hanya, dare da safe. A fahimtarsu, wannan umarni bai ware sa'ar addini daga sa'ar boko ba, don haka yinin gaba ɗaya shi ne manhaja.

A gidaje da yawa ana buɗe karatu bayan karin kumallo, a kan teburin da aka ci abinci. Uwa ta karanta wani yanki na Littafi Mai Tsarki, a rera waƙar yabo, a maimaita ayar da ake haddacewa a wannan mako. Gidajen da ke bin tafarkin Firesbiteriya sukan ƙara da katikizim, wato tambaya da amsa kan rukunan bangaskiya. Ƙaramin katikizim na Westminster yana da tambayoyi 107, akwai kuma sauƙaƙan nau'o'i na yara. Ɗan shekara uku da ke wasa a ƙarƙashin tebur ba a sa shi cikin darasi ba, amma sau da yawa yakan riƙe amsoshin daga bakin yayyensa tun kafin ya san baƙi. Daga nan sai a rabu: 'yar shekara takwas ta ɗauki lissafinta, uwa ta zauna da ɗan shekara shida suna haɗa baƙi da wasali na minti goma sha biyar ko ashirin, jariri yana cinya. Darasin da ke buƙatar natsuwa akan ajiye shi sai ƙananan sun yi barcin rana. Karatun zaune ga 'yan wannan shekaru bai cika wuce sa'a biyu ko uku ba. Sauran yinin na aikace-aikacen gida ne, da wasa, da zuwa ɗakin karatu na gari.

Manhajoji sun kasu. Abeka daga Filorida da BJU Press daga Karolina ta Kudu littattafan aji ne sak, masu saka koyarwar addini cikin kowane darasi, har da koyar da cewa an halicci duniya cikin kwana shida. Wasu iyalai sun fi son hanyar Charlotte Mason, malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923: gajerun darussa, fita kallon tsirrai da tsuntsaye, da karanta wa yaro labari sannan ya maido shi da bakinsa. Shirin Classical Conversations, wanda aka fara a 1997, yana tara iyalai sau ɗaya a mako, galibi a harabar coci, yara su haddace jerin tarihi da ƙa'idojin Latin cikin waƙa.

Duk da wannan bambanci, abin da ya haɗa gidajen shi ne maimaici. Idan yara suka yi faɗa kan abin wasa, uwar da ta koyar da aya kan yafiya da safe ita ce za ta raba su, kuma da ayar za ta yi musu nasiha. Malama da mai horo da jagorar sujada mutum ɗaya ce, ba a kuma tashi daga makaranta. Nan ƙarfin tsarin yake. Nan kuma rauninsa yake, domin yaron bai cika jin wani babba mai ra'ayi dabam ba.

5.0 Ɗawainiyar Uwa

Stevens ya lura cewa ƙungiyoyin Kirista masu makarantar gida suna ɗaukar miji a matsayin shugaban gida, maza ne kuma suka fi fitowa a shugabanci, alhali mata ne ke yin aikin. A mafi yawan gidaje miji yana wurin sana'a, iyali na rayuwa da albashi ɗaya, kuma kuɗin littattafai daga aljihunsu yake fita.

Lois ta bambance iyaye matan da makarantar gida ce zaɓinsu tun farko da waɗanda suka koma gare ta bayan makaranta ta ba su kunya. Na farkon, waɗanda da yawansu ke kallon aikin a matsayin kiran Allah, ba su cika shakkar zaɓinsu ba. Amma duka ɓangarorin sun koka da gajiya, da rashin lokacin kansu, da fargabar ko yaro ya faɗi baya. Bangaskiya tana ba uwa juriya, sai dai tana iya hana ta faɗin cewa ta gaji, tun da kuka da aikin da Allah ya ɗora wa mutum yana kama da ƙarancin imani. Taron mako-mako na iyalai ya zama mafaka: yara su sami abokan wasa, iyaye mata su yi musayar littattafai su kuma rarraba darussa a tsakaninsu.

6.0 Tattaunawa

Ana yawan cewa 'yan makarantar gida sun fi na gwamnati cin jarrabawa, ana kafa hujja da binciken Lawrence Rudner na 1999 kan ɗalibai sama da 20,000. Amma iyalan da suka shiga binciken su suka kawo kansu, kuma sun fi matsakaicin iyali ilimi da samu, Rudner da kansa ya yi gargaɗi kan haka. Wani ƙaramin bincike a Kanada a 2011, mai yara 37 a kowane ɓangare, ya ga waɗanda ake koyarwa bisa tsari sun zarce 'yan makarantar gwamnati, marasa tsarin kuwa sun gaza su. Wannan ya dace da abin da Kunzman ya tarar: a cikin iyalai shida masu aƙida kusan iri ɗaya, wani gida koyarwarsa ta ƙayatar, wani kuma yara na fama da abubuwan farko. Ya ba da shawarar a riƙa gwada yaran a karatu da lissafi na tushe. Elizabeth Bartholet ta Jami'ar Harvard ta zarce haka a 2020, inda ta nemi a hana tsarin sai ga mai ƙwaƙƙwaran dalili, HSLDA kuwa tana adawa da yawancin matakan sa ido.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa a waɗannan gidaje tarbiyyar addini tana gudana ta hadda, waƙa, horo da zaman tare na yini guda, kuma uwa ce ke riƙe da duka. Aƙida ɗaya da manhaja ɗaya ba sa ba da sakamako ɗaya idan lafiyar uwa, iliminta, yawan yara da taimakon miji sun bambanta. Ana ba da shawarar bincike na gaba ya bi yara tun suna ƙanana har su girma, ya haɗa da iyalan da ba sa cikin kowace ƙungiya, ya kuma saurari yaran kansu, domin muryar iyaye ce ta mamaye yawancin abin da aka rubuta.