Tuwon Girma Miyarsa Nama: Tarihin Tukunyar da Ba Tsoka a Yammacin Kano

A Gammo, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, abincin daren yawancin gidaje bai yi nisa da abin da kakanni suka sani ba: tuwon dawa ko na masara, da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa, an kaɗa ta da daddawa da barkono da ɗan mai. Da safe koko da ƙosai, ko ɗumamen jiya. Da rana ɗanwake ko fura. Mutum yana iya yin mako guda a haka haƙorinsa bai taɓa tsoka ba, kuma babu wanda zai ce ya shiga wata aƙida. A Landan kuwa, mai irin wannan ci suna gare shi, da ƙungiya, da littattafan da ke kare matsayinsa.

Muhawarar ƙaurace wa nama ta iso wa 'yan bokon ƙasar Hausa ta intanet da ta bakin likitoci, kuma amsar da ta fi samu ita ce dariya, sai a ce ai Allah ya halatta, a rufe zance. Amsar gaskiya ce, sai dai ta yi gajarta. Ƙasar nan ta daɗe tana da nata tambayoyin game da nama, kuma biyu ne: yaushe ake cin sa, sannan wane haƙƙi dabba take da shi kafin wuƙa ta kai wuyanta.

Karin maganar da ke cewa tuwon girma miyarsa nama ta isa shaida a kan tambaya ta farko. Da nama abincin kullum ne, da ba a auna girma da shi ba. A karkara lokutansa sanannu ne: ragon suna, layya, ƙaurin da ake dafa wa mai jego, kazar da ake yanka wa baƙon da ake jin nauyinsa, sai ranar kasuwa, inda mahauci zai yanka akuya ɗaya ko biyu ya kasa wa gari guda. Har wasan dambe yana ɗauke da wannan tarihi, domin asalinsa na mahauta ne, waɗanda kan bi ƙauyuka da kaka, lokacin da manomi ke da abin hannu, su yi yanka da rana su yi dambe da dare. Naman ƙauye yana da kakarsa kamar yadda gero yake da tasa.

Dalilin bai tsaya ga talauci kaɗai ba. Dabba a raye ta fi dabba a tukunya amfani. Akuya asusun mace ce, ita ake sayarwa ranar rashin lafiya ko ranar kayan ɗaki. Bafulatanin da ke da garke ba ya yanka saniya don marmari. Nononta yake sha, ya sauka a gonar manomi da rani shanunsa su zuba taki, matarsa ta kai nono kasuwa ta komo da hatsi. Fura da nono, in an lura, yarjejeniya ce tsakanin al'umma biyu a cikin ƙwarya ɗaya. Ga kuma masifun da suka riƙa share garken gaba ɗaya. Annobar bushiya, wadda ta shigo Afirka ta gaɓar Eritriya a 1887 tare da shanun da Italiyawa suka kawo, ta iso ƙasashen Hausa wajen 1890 ta kashe mafi yawan shanu, har Fulani da dama suka koma noma dole. Bayan ita sai yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ta yi wa ƙasar Kano mummunar ɓarna. A irin waɗannan shekaru abin da ya riƙe rayuka shi ne ilimin mata game da ganye: tafasa, rama, zogale, yaɗiya, wanne ake tafasawa a zubar da ruwan farko, wanne ake shanyawa a adana don bazara.

Birni dabam ne. Hugh Clapperton, Baturen da ya shigo Kano a watan Janairun 1824, ya tarar da rumfunan nama a kasuwar Kurmi ana yanka kullum, har ya lura da dabarun mahauta na hura nama ya kumbura da manna gashin tunkiya a cinyar akuya. Amma Kurmi kasuwar fatake ce da sarakuna da attajirai. Tafiyar kwana biyu yamma da ita, tukunya wata ce.

Abin da ya ba wa waccan tukunya daɗin da nama ke bayarwa shi ne daddawa, kuma ya kamata a tsaya a kanta, domin aikinta kimiyya ce cikakkiya da ba a rubuta ba. Ana fasa ɗorawa a raba garin da ƙwayar, wato kalwa. A dafa kalwar wuni guda ko fiye har ɓawonta ya saki, a surfa, a wanke, a sake dafawa, sannan a rufe ta da ɗumi kwana biyu ko uku ta ruɓa irin ruɓar da ake so. A nan ne ƙananan halittun da ido ba ya gani suke narka furotin ɗin ƙwayar, su fitar da sinadarin gulutamet, wanda shi ne harshe ke ji a romon nama. Sai a kirɓa, a mulmula, a shanya. Inda ɗorawa ta yi ƙaranci akan yi daddawar batso da 'ya'yan yakuwa. Don haka ne itacen ɗorawa yake da mai shi, ana gadonsa, manomi kuma ya bar shi tsaye a tsakiyar gona ko da inuwarsa na rage masa dawa. Masana tsirrai na Turai sun raɗa wa dangin itacen suna Parkia a 1826 don tunawa da Mungo Park, wanda ya wuce ya gan shi. Matan da suka gano yadda ake mai da ƙwayarsa abinci ba a san sunan ko ɗaya ba.

Dunƙulen Maggi da 'yan uwansa, da suka mamaye kasuwanni a rabin ƙarshe na ƙarnin da ya wuce, wannan ɗanɗano suke sayarwa, sai dai da gishiri mai yawa kuma ba tare da furotin ɗin kalwa ba. Uwargidan da ta bar daddawa don warinta ta koma dunƙule ta sami sauƙi, amma miyarta ta yi asarar wani abu da ba a gani a cokali.

Wake shi ne ginshiƙi na biyu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye. Hatsi irin dawa da gero yana da ƙarancin wani sashe na furotin da ake kira laisin, wake kuma yana da shi a wadace, don haka haɗa su a ciki ɗaya yana cike giɓin juna. Manomin da ke shuka wake a tsakanin kunyoyin dawa ya yi wannan haɗi tun daga gona, ya kuma sami harawa ta dabbobinsa. Gyaɗa ta zo ta ƙara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe, ƙauyukan yammacin Kano suka shiga nomanta gadan-gadan. Buhunan sun tafi dala, daga can zuwa Ingila, amma abin da ya rage a gida ya zama mai da ƙuli-ƙuli a hannun matan kulle, ƙulin ya shiga kwaɗon rama da na zogale. Ko tsiren da ake taƙama da shi, rabin daɗinsa garin ƙuli ne.

Na baya-bayan nan shi ne awara. Waken suya baƙo ne a tukunyar Hausa. Ya bazu ne tun daga shekarun 1980, bayan cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta dage wajen koya wa mata sarrafa shi a gida. Ana jiƙa shi, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar, a zuba ruwan tsami ta dunƙule, a matse, a yanka, a soya. Wannan abinci shi ne wanda Sinawa da Japanawa suka daɗe suna ci da sunan tofu, shi ne kuma tutar masu ƙaurace wa nama a Turai da Amurka, inda ake sayar da shi da tsada a kantunan masu hali. A Gwarzo yarinya ce ke tallarsa a bakin makaranta da yaji a leda. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin komai ya tashi, gidajen ma'aikata da yawa a birni sun san awara sanin da ba su yi mata a da ba.

Tambaya ta biyu, ta haƙƙin dabba, ta fi ta farko nauyi, kuma a kanta ne aka fi zaton ra'ayin na Turawa ne. A Ingila an yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki a 1822, aka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan a 1824, shekarar da Clapperton ke zaga Kurmi. Ƙungiyar masu ƙaurace wa nama ta biyo baya a 1847, ta masu ƙaurace wa har madara da ƙwai a 1944. A 1975 masanin falsafa Peter Singer ya fitar da littafinsa Animal Liberation, wanda ya kafa hujja a kan cewa abin lura shi ne jin zafi, ko wace halitta ce ke jin sa. Masana'antar kiwo ta zamani, inda kaza ke rayuwa a kejin da ba ta iya buɗe fiffike, ita ce ta ba wa wannan hujja ƙarfi.

Duniyar Musulmi ta riga ta ji irin wannan murya. Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da madara da ƙwai da zuma shekaru masu yawa, har wani babban malamin Faɗimiyya na Masar ya rubuta masa wasiƙu yana neman dalili. Malamai ba su bi shi ba, domin haramta abin da aka halatta ba ƙaramin abu ba ne. Hanyar da fiƙihun Malikiyya ya bi, wanda shi ake karantawa a zaurukan Kano, ita ce halatta yanka tare da ɗaure mai dabba da sharuɗɗa. Muhtasar na Halil, littafin da alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci da shi ɗaruruwan shekaru, ya wajabta wa mutum ciyar da dabbarsa idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, haka kuma in ya ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Hadisin da ke umartar mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa yana cikin Arba'una Hadisi da yara ke haddacewa. Muwaɗɗa ta Malik ma ta kawo gargaɗin Sayyidina Umar cewa nama yana da jaraba irin ta giya. Dokar Final Kod ta Arewa, da ta fara aiki a 1960, ta sa zaluntar dabbar gida cikin laifuffuka.

Bahaushe ya taƙaita matsayinsa da cewa sabo da kaza ba ya hana yankanta. Maganar ta yarda akwai sabo, ta kuma yarda akwai wuƙa. Matsalar ita ce rabi na biyu ne kaɗai ya rage a aikace. Shanun da a da ake kora su a ƙafa zuwa Kudu, suna kiwo suna shan ruwa a hanya, yau ana cusa su a tirela, a ɗaure ƙahoni, a yi tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Legas cikin rana. Kaji na rataye a babur kai ƙasa. Amalanken shanu na ɗauke da lodin da ya dace da mota. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar Singer kafin a gane kuskurensa. Halil ya isa. Abin mamaki shi ne yadda huɗubobin gab da layya ke cika da bayanin shekarun rago da lafiyar idonsa da kunnensa, amma ba kasafai ake jin yadda ya kamata a kawo shi daga kasuwa ba.

Dabbar da ta fi shan wahalar wannan zamani kuwa ba ta cikin abincin Bahaushe ko kaɗan. Jaki ne ya ɗauki kasuwancin ƙasar Hausa a bayansa, daga ayarin goron Gwanja zuwa buhun gyaɗar da aka kai tashar jirgi, kuma shi ne har yau ke kai taki gona a ƙauyukan da mota ba ta shiga. A shekarun 2010 buƙatar fatarsa ta tashi a ƙasar Sin, inda ake dafa ta a yi wani maganin gargajiya mai tsada. Dillalai suka bi kasuwannin Arewa, irin su Maigatari da ke kan iyaka, suna lodin jakuna zuwa mayankar Ezzamgbo a jihar Ebonyi. Jaka tana ɗaukar ciki kusan shekara guda ta haifi ɗa ɗaya, don haka babu yadda haihuwa za ta cim ma yanka. Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, bayan an fitar da kimanin 80,000 cikin watannin shekarar, alhali a duk shekarar da ta gabata 27,000 ne. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna don fata a faɗin nahiyar.

Ƙungiyoyin kare dabbobi na Turai ne suka fi ɗaga murya kafin a kai ga wannan mataki, hujjarsu kuma azabar da jakin ke sha a mota da mayanka. Hujjar manomin Gammo ta fi kusa da gida. Farashin jaki ya wuce aljihunsa, wanda yake da shi kuma sai ya kwana da kunne ɗaya a turke saboda ɓarayi. Idan bazara ta yi, takin da ya tara a bayan gida yana jiran abin da zai kai shi gona kafin ruwan shuka ya sauka.