Daga Motar Langa-langa zuwa Mutum-mutumi: Tarihin Tsince-tsince a Njamena

Garin nan namu an kafa shi ne nesa da teku. A shekarar 1900, bayan yaƙin Kusuri wanda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a cikinsa, Faransawa suka kafa sansani a bakin kogin Shari suka raɗa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973 ya koma Njamena. Kakanninmu sun zo nan da fatauci, wasu kuma a hanyarsu ta zuwa Makka guzuri ya ƙare, suka yada zango, zangon ya zama gida. Abin da suka tarar shi ne duk wani ƙarfe, ko kusa guda ce, sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 daga bakin ruwa kafin ya iso hannunsu. Gadar Ngeli da ta haɗa mu da Kusuri ma sai a 1985 aka same ta.

A irin wannan wuri ba a zubar da kaya. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta ta zama guga. Maƙera suka fasa durom suka ƙera akwati da kasko, masu zubi suka narka alminiyam suka fitar da tukwane. Mu kuwa da muke yara, wa bai yi motar kara ba? Wanda hannunsa ya faɗa sai ya haura zuwa ta langa-langa, da ƙafafun silifas, da sitiyarin waya mai tsawon da zai kai masa ƙirji. Iyayenmu suna kiran wannan shiririta, amma a nan muka fara sanin gatari da ma'auni.

Yau ƙannenmu da 'ya'yanmu mutum-mutumi suke son haɗawa, wanda zai yi tafiya da kansa, ya kauce wa bango. Kayan aikin na nan zube a gaban masu gyaran rediyo da waya, da wajen masu tsofaffin kaya a kasuwar Dembe. Matacciyar firinta tana ɗauke da ƙananan motoci na lantarki, da sandunan ƙarfe miƙaƙƙu, da bel mai haƙora. Tsohuwar na'urar DVD ma akwai irinsu a ciki. Batirin kwamfutar cinya idan an buɗe shi a hankali, ƙwayoyi ne masu bolt 3.7, kuma sau da yawa ɗaya ce ta mutu ta ja wa sauran. Cajar waya tana ba da bolt 5, daidai abin da allon Arduino ke bukata. Shi wannan allo, wanda aka ƙirƙira a Italiya a 2005, shi ne kusan kaɗai abin da dole sai an saya sabo.

Kada a ɗauka mafarki ne. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda Civic da tarkacen ƙarafa, har ya ɗan ɗaga daga ƙasa. A Lome ta ƙasar Togo, a 2013, Afate Gnikou ya haɗa na'urar da ke fitar da abu da siffarsa, daga sharar kwamfutoci.

Sai dai akwai abin da ke damunmu. Tsince-tsincen da ya rage yanzu na sikeli ne. 'Yan jari-bola kilo suke sayarwa, saboda haka mota mai rai sai a fasa ta da guduma don jan ƙarfen da ke cikinta, a tara wayoyi a cinna musu wuta, yara suna shaƙar hayaƙin. Ba mu ga laifinsu ba, abinci suke nema. Amma kakanninmu sukan tambayi abin da ƙarfe zai iya zama kafin su tambayi nauyinsa.

Yaron da ke son firintar nan sai ya riga guduma isa wurin, ya biya fiye da kuɗin kilo kaɗan. Ya kuma sani cewa batirin da ya kumbura ba a huda shi, kuma tsohuwar talabijin mai ƙeya tana riƙe wuta a cikinta ko an daɗe da cire ta daga soket.