Zango nawa ne daga Yamai zuwa Jidda?

In ka ja layi miƙaƙƙe a taswira daga Yamai zuwa Jidda, kilomita 4000 ne da ƴan kai. Jirgin alhazai na cinye su cikin awa 5 zuwa 6. Ka yi asuba a filin jirgin Diori Hamani, la'asar ta same ka a Hijaz, don agogonsu ya riga namu da awa 2.

Kakanninmu ba da kilomita suke auna hanyar nan ba, da zango suke aunawa. Ni ɗalibin harshe ne, kalmar nan kuwa ta daɗe tana yi mini yawo a ka: zango shi ne inda ayari ke sauka, shi ne kuma tafiyar da ke tsakanin sauka da sauka. Wuri da nisa, suna ɗaya.

Maniyyaci daga ƙasar Damagaram yakan bi ta Barno, ya ratsa Fort-Lamy (N'Djamena ta yau), ya kai Abeshe a Wadai, ya shiga Darfur ta Al-Fashir, sai Al-Ubayyid, sai Khartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Can ne yake neman jirgin ruwa. A ƙafa, a jaki, daga baya a bayan babbar mota. Guzuri kan ƙare tun ba a kai rabi ba, to sai a tsaya a yi noma ko dako, a tara, a ƙara gaba. Shi ya sa tafiyar ke cin shekaru. Kakata ta ce kawunta ya tafi da amarya, ya dawo da ƴaƴa uku masu jin Larabci.

Shi dai ya dawo. Da yawa zango ya zame musu gida. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira sun nausa gabas, ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, maniyyata suka zama leburori a ciki. Sudan ta kira su Fallata, Hijaz ta ce Takari. Jikokinsu na nan, kuma har gobe akwai masu Hausa a bakinsu.

Jirgin sama ya shafe zangon duka, gaskiya sauƙi ne, ba ni musu. Amma mun daina sanin ƙasar da ke ƙarƙashinmu. A 2022 an yi ta kashe-kashe tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, mu nawa ne a jami'a muka bi labarin? Sai da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen alhazan yankinmu suka koma kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, sannan aka fara tambayar me ke faruwa a can.